Ɗaukar muryar Kaka don yara: waya, WhatsApp, rikoda, rediyo mai kati ko situdiyo?

A Tawa da sauran garuruwan Adar da wuya ka sami gidan da ba shi da ɗa a Abijan, Libiya, Najeriya ko Yamai. Yaran da aka haifa can suna tashi ba su san wanda ya haƙa rijiyar gidansu ba, ba su san dalilin da ya baro da kakansu daga Illela ko Buza ba. Shi ya sa mutane da yawa ke son ɗaukar muryar tsofaffi, wato labarin gida da gatana da kirarin zuri'a, a aje wa yara su riƙa ji. Inda ake tsayawa shi ne da me za a ɗauka. Wani ya ce waya ta isa, wani ya ce sai an sayo rikoda irin ta ƴan jarida, wani kuma ya ce a kai tsohuwa situdiyo a yi abin a gama.

Kafin a zaɓa, a sani cewa aiki uku ne a nan: ɗauka, ajiya, da kunna wa yara. Babu na'ura ɗaya da ta ƙware a dukansu, kuma yawancin muryoyin da suka salwanta sun salwanta ne don an ɗora wa waya ɗaya ayyukan uku.

Abin da za a auna

Na farko tsabtar murya. Muryar tsoho ƙasa-ƙasa take, haƙora sun ragu, ga kalmomin da yaron birni bai taɓa ji ba. Babba zai iya kasa kunne ya tsinci magana cikin hayaniya, yaro ɗan shekara shida kuwa tashi zai yi ya tafi wasa.

Na biyu, kuma shi aka fi mantawa, sakin jikin mai magana. Tsohuwar da ke sa jikoki dariya a kan tabarma tana iya komawa mai amsa "e" da "a'a" da zarar an ɗora mata baƙon ƙarfe a gaba. Ga kuma kunya: mace ba za ta faɗi sunan mijinta ko na ɗan farinta ba, sai "mai gidan nan" da "wancan yaron". In ɗanta ne ke tambaya, rabin labarin zai maƙale. In jika ne, da yake akwai wasa tsakaninsu, yana iya cewa "Kaka, wai da gaske a kan raƙumi aka kai ki ɗaki?" ta zage shi, sannan ta kwashe labarin duka. Don haka na'urar da jika ɗan shekara goma sha biyar zai iya sarrafawa shi kaɗai tana da daraja ta musamman.

Sai ɗorewa: shin bayan shekara goma ko ashirin za a iya kunna abin? Sai sauƙin saurare, ko yaro zai iya kunnawa da kansa ba tare da an miƙa masa wayar babba ba. Sai kuɗi, na saye da na batir da na intanet. Na ƙarshe haɗarin fita. Labarin gida yana taɓo gado, iyakar gona, sakin aure, asalin wasu mutane, kuma abin da aka faɗa a ɗaka in ya shiga gari yana iya raba zumunci.

Manhajar ɗaukar murya ta waya

Kusan kowace waya tana zuwa da ita, ba a sayen komai. Muryar babbar waya, ko Tecno ce ko Infinix ko Samsung, ta isa wannan aiki in an kula da abu huɗu. A danna alamar jirgin sama, don kira ɗaya yana katse ɗauka, wani lokaci ma ya tafi da abin da aka riga aka ɗauka. A tuna makirufo yana gindin waya, kusa da ramin caji, shi za a juya wajen bakin mai magana, tazarar taƙi ɗaya zuwa biyu. Kada a riƙe a hannu, motsin yatsu yana shiga kamar ana tuƙa tuwo. A ɗora kan matashi ko zane da aka ninka. Sannan a kashe fanka ko a kawar da kanta, domin iskar da kunne bai damu da ita ba a makirufo guguwa ce.

Ɗaki ma yana da nasa. Ɗakin ƙasa mai katifa da labule da tabarmi ya fi falon siminti mai tayil, inda murya ke amsa-kuwwa. Ƙarƙashin rufin kwano da damina ba a ɗaukar komai. Da rana akwai daka, awaki, kabu-kabu. Bayan isha'i gari ya fi lafawa, kuma dama tsofaffi da yawa ba sa yarda su yi gatana da rana.

Wanda ke son ƙarin tsabta ya sayi ɗan makirufon da ake maƙalawa a wuyan riga, kuɗinsa ƴan jikkuna ne. A duba kan filoginsa: mai zobe uku baƙaƙe shi ne na waya, mai zobe biyu na kyamara ne da rikoda, in an soka shi a waya sau da yawa ba ta ganinsa, sai ta ci gaba da ɗauka da nata makirufon mutum bai sani ba. Gwajin ba wuya: a ƙwanƙwasa makirufon da farce yayin ɗauka, a saurara. Sabbin wayoyin da ba su da ramin abin kunne sai an nemo mai kan USB-C.

Matsalolinta sanannu ne. A Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, wayar da ke caji tana ɗauka tana iya yin zafi ta tsaya. Wasu wayoyin suna kashe manhaja da kansu in fuskar ta mutu, don tanadin batir. Maganin duka biyu a riƙa ɗauka gajere-gajere, minti 15 zuwa 20, a adana, a sake sabo. Kuma fayil ɗin galibi m4a ne, a ƙananan wayoyi masu maɓalli kuwa amr, wanda muryarsa kamar ta kiran tarho take. Ƙananan rediyo masu cin kati ba kasafai suke karanta waɗannan ba, sai an juya su MP3. Manhajar VLC a kwamfuta tana yin wannan kyauta.

Wajen ɗorewa waya ba abin dogaro ba ce. Ana sace ta, tana faɗawa ruwa, mai gyara yana wanke ta ya ce ba yadda za a yi.

Saƙon murya na WhatsApp

Wannan ita ce hanyar da kowa ya iya, har tsofaffin da ba su karatu. Amfaninta babba ɗaya ne: nesa. Kaka tana Keita, jikoki suna Abijan, ta yi magana bayan sallar asuba su ji kafin su tafi makaranta. Saƙon ba ya cin intanet sosai, kuma da yake ta saba da shi ba ta ɗaurewa.

Amma farashin ƙanƙantarsa shi ne an matse muryar. Ana jin magana, sai dai waƙar daɓe ko ta niƙa da tsohuwa za ta rera a tsakiyar labari tana fitowa a shaƙe. Fayil ɗin opus ne, rediyon kati ba ta san shi ba. Sunansa lambobi ne kawai, bayan wata shida ba mai iya tsamo labarin yunwar 1984 daga cikin ɗaruruwan gaisuwa da sanarwar suna.

Abin da ya fi muni, mutane suna zaton saƙon yana ajiye wajen kamfanin. Ba ya nan. Da zarar ya isa, a wayoyinku kawai yake. In an canza waya ba a yi ajiya a Google Drive ba, ya tafi. Lambar da aka bari ba a buɗe WhatsApp da ita ba kimanin kwana 120, ana iya goge asusunta. Ga kuma turawa: danna biyu ya isa labarin rikicin gado ya bar rukunin dangi ya shiga na ƴan unguwa, kuma ba ya dawowa.

A ganina WhatsApp ɗan aike ne. A ɗauka da manhajar waya, a tura fayil ɗin ta wajen da ake tura takardu, haka zai isa yadda yake ba a matse shi ba. In kuwa ba makawa sai saƙon murya, to wanda ya karɓa ya fitar da shi a ranar, ya sa masa suna.

Rikoda irin ta ƴan jarida

Ita aikinta ke nan, ba kira, ba saƙo, ba abin da zai katse ta. Iri biyu aka fi gani. Akwai ƙanana irin Sony ICD-PX470, mai ma'ajiyar GB 4 a ciki, da ramin kati, da kan USB da ake turowa a soka a kwamfuta kai tsaye. Tana ɗaukar MP3, abin da ke nufin ba sai an juya fayil ba. Akwai kuma irin Zoom H1n, mai makirufo biyu a kai da ɗan gare na daidaita ƙarfin murya, tana ɗaukar WAV, wato fayil ɗin sautin da ba a matse ba, da MP3 a kati har GB 32. Dukansu batir biyu ƙanana na AAA suke ci, wanda a ƙauyen da ba wuta babban abu ne. Zoom ɗin a Turai kusan Yuro 100 take, wato wajen jikka 65 kafin kuɗin kawowa, Sony ɗin ba ta kai haka ba. A Tawa ba lalle a same su a shago ba, galibi sai an aika Yamai ko an roƙi mai dawowa daga waje.

Muryarta ta fi ta waya nesa ba kusa ba, musamman in mutum biyu ko uku ne ke hira, kamar Goggo da Kawu suna gyara wa juna labari. Sai dai kunnenta ya yi kaifi: zakaran maƙwabta da injin niƙa na bayan layi duk za su shiga. Dole a sa mata soso a kai saboda iska. A daidaita ƙarfi yadda ma'aunin ƙarfin murya da ke fuskar rikodar ba zai wuce -12 ba in ana magana, domin in tsoho ya kwashe da dariya ko ya ɗaga murya yana kirari, abin da ya fashe ba ya gyaruwa. Kuskuren da aka fi yi: a wasu rikodoji danna farko shiri ne kawai, fitila na ƙyaftawa, sai an sake dannawa take ɗauka. A tabbatar lambobin daƙiƙa suna tafiya kafin a ce "Bismillah, Baba."

Lissafin wuri: WAV mai ingancin faifan CD yana cin kusan MB 10 a minti, sama da MB 600 a awa, katin GB 32 zai ɗauki wajen awa 50. MP3 na 128 kbps bai kai MB 1 a minti ba, katin GB 8 zai ɗauki fiye da awa 120. Ga labarin baki, MP3 ɗin ya wadatar. WAV sai ga mai niyyar gyara da yanka daga baya.

Na'urar kanta tana shekaru in an kiyaye ta daga ƙurar hunturu, aka kuma cire batir in za a aje ta, don batir yana zubar da ruwa ya cinye ƙarfen ciki. Ga yara kuwa ba ta da amfani: lasifikarta ƙarama ce, kuma ba a miƙa wa yaro abin jikka 65.

Ƙaramar rediyo mai cin kati

Irin wadda tsofaffi ke jin wa'azi da karatu da ita, mai ramin kati da na filashi. Tana cike a kasuwar Tawa da Babbar Kasuwar Yamai, kuɗinta ƴan jikkuna. Wasu suna da maɓallin ɗauka, amma kada a ruɗu, abin da suke ɗauka duk shuu ne. Wajen kunna wa yara kuwa babu kamarta. Ba fuska balle yaro ya zarce kallon bidiyo, ba intanet, maɓalli uku ne, in ta faɗi ta fashe asarar ba ta da yawa. Da yawa suna amfani da batir BL-5C irin na tsohuwar Nokia ko 18650, waɗanda ake samu a canza, wasu kuma da ɗan faranti na hasken rana a baya.

Tana da halayenta da ya kamata a sani. MP3 take so. Kati kada ya wuce GB 32, domin masu GB 64 zuwa sama suna zuwa da tsarin exFAT, ita kuwa FAT32 ta sani, sai ta yi shiru ka ce katin ne ya lalace. Da yawa ba sa bin sunan fayil, suna bin yadda aka zuba su a kati, don haka a wanke katin a zuba ɗaya bayan ɗaya yadda ake son su biyo. Ba ta nuna suna sai lamba, sai a rubuta jerin a takarda a manna mata a baya: 1, yadda Kaka ta zo Tawa; 2, Gizo da Ƙoƙi; 3, shekarar fara. Wasu kuma in an kashe suna komawa farkon fayil, wani dalilin ke nan na yin labarai gajeru. Ga ƙananan yara minti biyar zuwa goma ya isa.

Haɗarin yana wajen kati. Akwai na jabu da ke nuna GB 32 alhali cikinsa bai kai ba. Yana karɓar fayil har ya wuce iyakarsa, daga nan sababbi su hau kan tsofaffi ko su ƙi buɗewa. A gwada sabon kati tukuna: a cika shi da bidiyo, a cire, a mayar, a buɗe na farko da na ƙarshe. Kuma in za a kai wa masu tura waƙoƙi a kati su juya fayil, a tsaya a kansu har su goge kwafin daga kwamfutarsu.

Situdiyo ko ma'aikacin gidan rediyo

Murya za ta fita tas, ba wanda zai yi fama da maɓalli. Kuɗi ciniki ne, galibi bisa awa ko bisa aiki. Amma tsoho a ɗakin da aka toshe, da abin kunne a kai, ga baƙon saurayi yana kallonsa ta gilashi, jawabi zai yi, ba hira ba. Abin da ya fi shi ne a ɗauko ma'aikacin ya zo gida da kayansa, ya saita, ya koma zaure. A yi sharaɗi uku tun farko: ba za a watsa ba, za a ba ku asalin fayil ɗin ba wanda aka gyara kaɗai ba, kuma kada a sa amsa-kuwwa ko kiɗa a ƙarƙashi, domin situdiyon da ya saba da mawaƙa hannunsa yana zuwa can da kansa.

In labarin ya wuce na gida, ya shafi kafuwar gari ko sarauta, a Yamai akwai CELHTO, cibiyar tarihin baka da aka kafa a 1968, da IRSH, cibiyar bincike ta Jami'ar Abdou Moumouni mai ma'ajiyar sauti. Neman shawararsu ba asara ba ne.

Kaset

Ba mai ba da shawarar sabuwar ɗauka a kaset yau. Amma gidaje da yawa a Adar suna da kaset ɗin wasiƙa da ƴan ci-rani suka aiko, da muryar mutanen da suka riga mu gidan gaskiya. Waɗannan ceto suke buƙata. A fara karya ɗan harshen da ke saman kaset ɗin don kada a ɗauka a kai bisa kuskure. A juya zaren da biro a ga ko ya manne. A goge ɗan kan da ke karanta zaren a cikin rediyon kaset da auduga da alkol, a gwada ta da kaset marar amfani, don tsohuwar roba tana cin zare. Sannan a haɗa ramin abin kunne da kwamfuta, a ɗauka da manhajar Audacity, ita ma kyauta ce. Ba gaggawa: kaset C60 minti 30 ne kowane gefe, C90 minti 45, kuma haka za a zauna.

| Hanya | Kuɗi | Murya | Ɗorewa | Yaro shi kaɗai | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Manhajar waya | Babu, sai makirufo in ana so | Mai kyau in an saita | Rauni | A'a | Sata, wanke waya |
| WhatsApp | Kuɗin intanet kaɗan | Matsakaiciya | Rauni sosai | A'a | Turawa, ɓacewa |
| Rikoda | Mai tsada | Mafi kyau a gida | Na'urar tana daɗewa | A'a | Kuskuren saiti |
| Rediyon kati | Ƴan jikkuna | Ɗauka ba kyau, ji da kyau | Matsakaiciya | E | Katin jabu |
| Situdiyo | Ciniki | Tas | Ya rage naku | A'a | Ɗaurewar tsoho, fitar sirri |
| Kaset | Babu saye | Yadda aka same ta | Tana lalacewa | A'a | Cin zare |

Duk wadda aka zaɓa, layin ɗorewa bai cika ba sai an yi kwafi uku a wuri uku: katin yara, filashi ko kwamfuta a wani gida dabam, da intanet. Google yana ba da GB 15 kyauta, fiye da awa 200 na MP3 in hotuna da ajiyar WhatsApp ba su cinye wurin ba, amma asusun da aka yi shekara biyu ba a shiga ba ana iya rufe shi, kuma kalmar sirri kada ta zama a kan mutum ɗaya. Kati da filashin da aka jefa a akwati cikin zafi suna iya rasa abin da ke ciki, a riƙa kunna su duk shekara, a sake kwafa a sabo bayan ƴan shekaru. A farkon kowace ɗauka a faɗi sunan mai magana, gari da kwanan wata da baki, don sunan fayil yana canzawa. Shekarun labari kuma a ɗaure su da abin da aka sani: kafin ƴancin kai na 1960 ne ko bayansa, an gina gadar Kennedy ta 1970 ko tukuna, zamanin Diori ne ko bayan juyin mulkin Kountché na 1974.

Wa ya dace da me

Gidan da tsoho da yara ke gari ɗaya, kuɗi kuma ba yawa: manhajar waya da makirufon wuyan riga, a juya MP3, a zuba a rediyon kati. Wannan ya ishi mafi yawan mutane, kuma duka kayan ba su kai rabin kuɗin rikoda ba.

In jikoki suna waje, a sami matashi ɗaya a gida ya riƙa ɗauka da waya yana turawa a matsayin takarda, ga mutum ɗaya, ba rukuni ba. Shi wancan ya zuba wa yara a kati.

Zuri'a mai yawa da ke son bin tsofaffi biyar ko goma a ƙauyuka, inda caji ke wuya: a yi karo-karo a sayi rikoda da kwalin batir, a damƙa wa mutum ɗaya da zai koyi saitinta. A nan ne kuɗinta ke fita.

Situdiyo ya dace da abin da dama don a ji shi a fili aka yi: kirarin zuri'a, jerin kakanni, waƙar da za a raba wa dangi ranar biki. Sunayen da tsohuwa ta ƙi faɗa saboda kunya ma a nan ko a wata ɗauka dabam ƙanenta ko ƙanen mijinta zai cike su.

Labarin da ke da ɗaci, a ɗauke shi duka da rikoda ko waya, a yanka wa yara nasu da Audacity, cikakken ya zauna a filashi wajen babban gida, kada ya hau WhatsApp ko kaɗan. A kuma tambayi mai labarin tun yana raye wane ɓangare ya yarda jikoki su ji.

In kuwa tsohon ba shi da lafiya, ƙarfinsa yana raguwa, kada a jira saƙo daga Yamai. A ɗauka da wayar da ke aljihu, minti goma-goma a lokacin da ya fi jin daɗin jikinsa, a matso da ita kusa da matashinsa tunda muryar ta yi ƙasa, a kwafe zuwa wata wayar kafin a kwanta.